Man Kanumfari da Ɓerayen Auta

Ran wata Litinin aka damƙa wa Auta ɓeraye arba'in, farare tas masu jajayen idanu, kuma daga ranar ta manta da abin da ake kira hutun ƙarshen mako. Tana shekara ta biyu a karatun digiri na biyu, a sashen nazarin magunguna na jami'a. Farfesan da ke duba aikinta ya ba ta tambaya guda: shin man da ake tatsowa daga kanumfari yana sauke sukarin jini a jikin ɓeran da ke da ciwon sukari? A takarda tambayar ba ta cika layi biyu ba. Neman amsarta ne ya kusa sa ta ajiye karatun baki ɗaya.

Ɗakin ɓerayen yana can bayan ginin, ƙarƙashin matakala, da ƙaramar taga ɗaya a sama da fanka mai ƙara kamar za ta faɗo wa mutum a ka. Kantocin ƙarfe ne jere da bango, a kansu kejunan roba da aka shimfiɗa wa dusar katako, kowane da kwalbar ruwa a kife. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne siriri da ya shekara ashirin da shida yana wannan aiki. Ɗalibai suka laƙaba masa Sarkin Ɓeraye, shi kuwa ya karɓi sarautar hannu bibbiyu. In aka ce masa "ranka ya daɗe", sai ya ɗaga tsintsiya ya ce, "Talakawana suna amsawa."

Shi ya taya ta rabo, takwas-takwas a keji biyar. 'Yan keji na ɗaya ba a taɓa su ba, lafiyarsu ƙalau. Sauran aka yi musu allurar da ke lalata gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, cikin kwana uku sukarinsu ya haura ɗari huɗu, suka shiga shan ruwa kamar raƙuma suna jiƙa dusar da fitsari. Na keji na biyu aka bar su haka ba magani. Na uku ana ba su ƙwayar da ake ba mutane a asibiti, a narke cikin ruwa. Na huɗu suna samun man kanumfari kaɗan, na biyar kuma mai yawa. Kwana ashirin da takwas za a yi ana haka.

Man da hannunta ta tatso shi. Ta niƙa kanumfari, ta zuba a tulun gilashi da ruwa, ta zauna kwana uku tana kallon tururi yana bi ta bututu yana ɗiga. Ƙamshin ya kama mayafinta, ya kama jakarta, ya kama har littattafanta. A motar haya sai wani ya waiwayo ya tambaya, "Wai wa ke ciwon haƙori a nan?" A gida kuwa Umma ta ce ta haifi 'ya an musanya mata da shagon kayan yaji.

Kullum bakwai da rabi na safe tana ɗakin. Ta kamo ɓera ta ƙeya, ta zura masa siririn bututu a maƙogwaro, ta matsa sirinji a hankali, ta mayar, ta kamo na gaba. Sau biyu suna cizon ta ta cikin safar hannu. Duk mako ta ɗan tsaga bakin wutsiyar kowane, ta ɗiga jini a na'urar gwaji, ta rubuta lamba a wani babban littafi mai baƙin bango.

Rana ta goma sha huɗu ta tsaya tana kallon littafin, ta ƙara lissafawa har sau uku. 'Yan keji na biyu suna nan sama da ɗari huɗu. Masu shan ƙwayar asibiti sun sauko ɗari da tamanin. Na huɗu sun ɗan motsa, ba wani abin a zo a gani ba. Amma na biyar, masu shan man da yawa, sun faɗo ɗari da casa'in, kafaɗa da kafaɗa da maganin asibiti.

Da gudu-gudu ta hau bene ta kai wa Farfesa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

"Kin ga abin da nake faɗa miki?" ya ce. "Akwai babban taron masana nan da wata biyu. Yau ɗin nan zan aika musu taƙaitaccen bayani. Je ki ci gaba, kada ki yi wasa."

Da yamma ta isa gida bakinta ya ƙi rufuwa. Ita ce ƙarama a 'ya'ya shida, ita kaɗai ta rage a gaban iyayenta. Baba tela ne, shagonsa a ƙofar gida yake, kuma shekararsa tara da ciwon sukari. Ƙwayoyin da yake sha safe da yamma ba abin da ya tsana kamar su. Ya ce suna murɗa masa ciki, suna sa bakinsa ɗanɗanon ƙarfe. Suna cin abinci ta ba da labari kaf, har da lambobin.

Baba ya ajiye cokali. "Kina nufin kanumfarin nan dai da uwarki ke jefawa a shayi?"

"Man da ke cikinsa, Baba. Amma fa ɓeraye ne, ba mutane ba. Kuma ba a gama ba, saura mako biyu."

"To ɓera ba jini ne a jikinsa ba?"

"Jini ne, amma..."

"Daidai da maganin asibiti kika ce."

"A ɓeraye takwas, Baba. Takwas kacal."

Ya yi dariya ya dubi Umma. "Kin ji 'yar boko. An samu magani tana neman ta ɓoye." Auta ma ta yi dariya, aka shiga wata hira. Ba ta ƙara tuna maganar ba.

Farkon mako na uku ta shigo da safe ta tarar da Sarkin Ɓeraye tsaye gaban keji na biyar, hannu a ƙugu, ko gaisuwar sarautar bai jira ba.

"Malama, waɗannan fa ba sa cin abinci."

"Jiya na zuba musu."

"Shi ne wannan da kike gani. Na auna. Abin da na huɗu ke cinyewa a yini, waɗannan ko rabinsa ba sa taɓawa. Yau kwana shida ina lura."

Ta buɗe littafinta. Lambobin abincin suna nan, ita ce ma ta rubuta su da hannunta, sai dai idonta bai taɓa tsayawa a kansu ba saboda yana can kan layin sukari. Ta leƙa kejin. Ɓerayen sun cure wuri guda a lungu, gashinsu ya tashi ya daina sheƙi. Ta ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Kowane ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa.

Rana ta goma sha tara ɗaya ya mutu. Rana ta ashirin da biyu wani ya bi shi. Ta shimfiɗa shi a faranti ta buɗe cikinsa, dattijon yana riƙe mata fitila. Hantar da ya kamata ta zama ja wur mai santsi ta koɗe, da ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa a jikinta. Tumbin kuwa ya yi ja ta ciki kamar an ƙona shi.

"Shekarata ashirin da shida ina kallon cikin ɓera," in ji dattijon. "Wannan hantar ta gaji."

Auta ta zauna a kan kujerar roba. Yanzu ta gane. Sukarin ya sauka, gaskiya ne. Amma ɓeran da ba ya ci, hantarsa kuma tana lalacewa, ai dole sukarinsa ya sauka. Abin da ta yi wa murna har da gudu a matakala, ciwo ne ya rufe wani ciwo.

Ta daure ta kai kwana ashirin da takwas ɗin. Gwajin jini ya dawo ya tabbatar: hantar duk 'yan keji na biyar ta taɓu. Ta haɗa komai ta hau wajen Farfesa. Awa biyu ta yi a benci a ƙofar ofishinsa, yana waya, yana sallamar baƙi, yana shan shayi, kafin ya ce ta shigo.

Ya karanta shiru, yana kaɗa biro. Da ya kai shafin hanta sai ya rufe takardun.

"Ki tsaya a rana ta goma sha huɗu," ya ce.

"Ban gane ba, ranka ya daɗe."

"Gwajin mako biyu ne. Mutane da yawa mako biyu suke yi, ba wanda ya ce sun yi laifi. Ki rubuta abin da kika gani zuwa ranar, ki rufe babi."

"Amma biyu sun mutu, Farfesa."

"Ɓera yana mutuwa. Wa ya sani ko ke kika zura bututun a huhu? Hannunki sabo ne."

"Na buɗe su, huhunsu lafiya lau. Hanta ce. Dattijon da ke kula da ɗakin ma ya gani, shi ya fara lura ba sa ci."

Farfesa ya dube ta ta saman tabarau. "Tun yaushe mai share keji ya fara duba digiri na biyu a sashen nan?"

Tana da amsa, amma ba irin wadda ake ba malami ba ce.

Ya sassauta murya. "Saurara, 'yata. Na riga na aika bayani, an karɓa, an sa sunanki da nawa a jerin masu magana. Kina so in koma in ce musu mun yi kuskure? Shekara huɗu sashen nan bai fitar da abin da aka kula shi ba. Ba ƙarya na ce ki yi ba. Lambobin rana ta goma sha huɗu naki ne, na gaskiya ne. Kawai ki san inda za ki ajiye biro. 'Yan ajinku wata uku ya rage musu su fita. Je ki yi tunani."

Ta sauko matakala. Abin haushin shi ne ta yi tunanin kuwa. Kwana biyu tana juya maganar. Wa zai sani? Ɓerayen sun riga sun tafi, littafin a jakarta yake, dattijon kuma ba wanda zai tambaye shi.

Da yake gwajin ya ƙare, ta samu kwana uku ba ta leƙa ɗakin ba. Ta wanke mayafanta, ta wanke jakar, ta shanya littattafan a rana. Amma ran Lahadi da hantsi, tana wanke kofuna, sai ƙamshin kanumfari ya sake dukan hancinta, mai ƙarfi har da yaji. Ta shinshina hannunta, babu. Ta shinshina kofin da ke hannunta. Kofin shayin Baba ne.

Ta fita shago da kumfa a hannu. Baba yana zaune gaban keken ɗinki, ya ɗaga allura saitin hasken ƙofa yana ta kai zare yana kuskurewa. Kusa da ƙafarsa jarkar ruwa ce ta kusa ƙarewa. Sai a lokacin ta lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata guda tana fita da sassafe tana dawowa a gajiye, tana auna ɓeraye arba'in giram-giram, ba ta ga mahaifinta yana zubewa ba.

"Baba, ina ƙwayoyinka?"

"Suna nan."

"Yaushe rabonka da su?"

Ya ci gaba da neman kafar allura. Ta ja durowar keken. Tsakanin zare da maɓallai ga wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, irin wadda ake sayarwa don ciwon haƙori, saura kaɗan a ciki. A bayanta akwai wasu biyu, babu komai a cikinsu.

"Ɗigo goma da safe, goma da yamma," ya ce, kamar mai ba da rahoton abin kirki. "Da farko yana ƙona baki, amma ana sabawa."

"Innalillahi! Baba, wa ya ce ka sha wannan?"

"Ke mana. A gaban uwarki kika faɗa."

Umma ta leƙo daga ƙofar gida, ta tsaya tana murza zani. "Ni ma na yi magana, Auta. Ya ce ke kika ce daidai yake da na asibiti. Na ga ke ce mai karatun, sai na ja bakina."

Auta ta shiga ɗakinsa ta ɗauko na'urar gwajinsa, ta same ta a ƙasan akwati ƙura ta rufe ta. Ta kama yatsarsa, yana ta cewa ita fa ta cika ɗaga hankali. Na'urar ta nuna ɗari huɗu da sittin da bakwai.

A asibiti likitar da ta karɓe su wata mace ce mai saurin magana, ba ta girmi Auta da yawa ba. Ta duba idonsa, ta leƙa bakinsa da ya sale ta ciki, ta juya kwalbar a hannunta.

"Baba, wa ya ce ka bar maganinka ka koma wannan?"

Baba ya nuna Auta da haɓa, har da ɗan alfahari. "'Yata ce. Ita ke binciken a jami'a."

Likitar ta juyo ta dube ta tun daga sama har ƙasa. "Wane sashe?"

"Nazarin magunguna," in ji Auta, muryarta can ƙasa.

"Nazarin magunguna," likitar ta maimaita, ta rubuta wani abu a kati. Da zaginta ta yi da ya fi wa Auta sauƙi. Auta ta buɗe baki za ta ce ta faɗa masa ɓeraye ne, ta faɗa masa ba a gama ba, sai ta ga ba amfani. Ta faɗa ɗin, amma da dariya ta faɗa, ido yana ƙyalli.

Kwana huɗu aka riƙe shi, ana ƙara masa ruwa. Hantarsa ta ɗan taɓu amma likitar ta ce za ta warware in ya kiyaye. Sai dai ƙwaya kaɗai ba za ta riƙe shi ba yanzu, sai an haɗa da allurar insulin kullum. Mutumin da ke gudun ƙwaya biyu ga shi an sallame shi da sirinji.

Ta zaci zai yi nadama. Ran da suka dawo gida, tana gyara masa matashi, ya ce, "Ni na san inda matsalar take. Na kasuwa ne ba shi da kyau, gauraye ne. Da kin kawo min naki na asali da ba a kai ga haka ba."

"Baba, nawa na asalin ne ya kashe ɓeraye biyu. Na buɗe cikinsu da hannuna, hantarsu ta lalace."

"To ai ɓera ne. Ɗan mitsitsin abu, ina zai iya ɗaukar magani mai ƙarfi? Ni mutum ne."

Ta tsaya da matashin a hannu. Ran nan ɓera da mutum duk jini ne, yau kuma ɓera daban mutum daban. Ta ajiye matashin a hankali ta fita tsakar gida, ta tsaya gaban famfo ta buɗe shi ba tare da tana da abin wankewa ba.

Umma ta biyo ta. "Ki yi haƙuri da shi. Tsoro ne. Yayansa da ciwon nan ya tafi, sai da aka yanke masa ƙafa." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma fa ba shi kaɗai ba ne. Ya faɗa wa abokan zamansa na bakin shago."

Mutum uku ne. Washegari Auta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai gyaran rediyo ya ce shi dama sau biyu ya sha ya ji kamar an zuba masa garwashi, ya watsar. Tsohon direban da ke layin baya ya saurare ta da ladabi, ya yi alkawari, ta kuma ga a idonsa ba zai cika ba, sai da ta koma ta samu matarsa. Mai wanki da guga kuwa ko dutsen gugar bai ajiye ba.

"Ni dai na ji sauƙi, 'yar nan. Jikina ya yi sakayau."

"Kawu, ka gwada jininka?"

"Me zan gwada? Ni da jikina? Ku dai 'yan boko haka kuke. In talaka ya samu abu mai sauƙi sai ku ce guba ne, don a koma layin asibiti."

Rabin awa ta yi tana bayani, yana feshin ruwa a kan riga yana gyaɗa kai. Da za ta tafi ya ce ta gaishe da Baba, kuma in an fara sayar da nata ta tuna da shi.

Daga shagonsa ta wuce shagon buga takardu. Ta buga babin sakamakon duka, kwana ashirin da takwas cif, da teburin abinci, da teburin nauyi, da hoton hantar a shafi guda shi kaɗai. Ran Litinin ta ajiye a teburin Farfesa.

Ya buɗe, ya ga hoton, ya rufe. "Na ce ki yi tunani."

"Na yi, ranka ya daɗe. Mahaifina kwanansa huɗu a asibiti saboda lambar rana ta goma sha huɗu. A gida kawai na faɗe ta, a kan abinci. Ban san abin da za ta yi ba in aka faɗe ta a taro."

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce, kuma da gaske ya faɗa. Ya daɗe yana kallon bangon takardar. "Amma ba zan sa hannu a wannan ba. Aikin da kashi ɗaya cikin huɗu na keji ya mutu ba aiki ba ne, an zaɓi adadin maganin ba daidai ba."

Shi ya zaɓi adadin. Yana nan da rubutun hannunsa a shafin farko na littafinta. Ta dubi littafin, ta dube shi.

"Za ki sake daga farko," ya ce. "Sababbin ɓeraye, adadi uku ƙanana. Taron kuma zan ce musu ba mu shirya ba. Ki rufe min ƙofa in kin fita."

Samun sababbin ɓeraye ya ci wata huɗu. Takardar neman izinin gwajin ta kwana a wani ofis mako shida saboda mai sa hannu ya yi tafiya, da ya dawo kuma aka ce an canza fom. Ɓerayen da suka iso ƙanana ne, sai da aka jira suka yi nauyi. 'Yan ajinsu suka kare aikinsu a gaban masu jarrabawa, suka ɗauki hotuna da rigunan kammala karatu a gaban ginin, tana wucewa ta gefensu da buhun dusar katako. Wata ƙawarta ta rungume ta ta ce, "Ke ma dai da taurin kai. Da yanzu muna tare." Sau biyu ta rubuta takardar ajiye karatu a wayarta, sau biyu tana gogewa. Sarkin Ɓeraye bai taɓa ba ta baki ba. Abin da ya yi kawai, ya samo wani ƙaramin sikeli ya ajiye mata kusa da kwanon abincin.

A karo na biyu ba ɓeran da ya mutu. Sakamakon kuma ba mai sa a hau bene da gudu ba ne: a ƙaramin adadi man ya ɗan rage sukari, ragin da bai kai ko kusa da na ƙwayar asibiti ba, hanta kuma lafiya. Ta rubuta haka, ta kuma saka gwajin farko a matsayin babi na kansa, da hotonsa. Farfesa ya riƙe kundin mako uku, sannan ya sa hannu ba tare da ya ɗago kai ba.

Ran kare aikin, mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a wata dattijuwa ce mai furfura da sanda. Ta wuce babin gwaji na biyu da tambaya biyu kawai. A kan babin keji na biyar ta zauna, ta yi kusan minti arba'in tana tambaya: yaushe suka daina ci, wa ya lura, me ya sa ba a tsaya a mako biyu ba. Auta ta amsa, ta kuma ambaci dattijon da ya fara gani.

Dattijuwar ta rufe kundin. "Na karanta irin wannan aiki ya fi talatin," ta ce. "Kowa mansa yana warkar da ɓera. Wannan ne na farko da ya gaya min inda man yake kisa. Wannan babin shi ne aikin."

Farfesa ya gyara zama ya yi murmushi. "Ai shi ya sa na dage sai ta sake gwajin," ya ce. "A sashen nan ba ma gaggawa."

Auta ta kafa wa ƙafar tebur ido har aka ce ta fita a yi shawara.

Da la'asar ta isa gida. Baba yana bakin shago da tsohon direban nan, ya ɗan murmure, ya saba da allurar har yana yi wa kansa, ko da yake kullum sai ya yi mita. Ta durƙusa ta gaishe su ta ce ta ci jarrabawar.

"Alhamdulillahi!" in ji Baba. "To yanzu da aka gama, a taƙaice, a sha ko kada a sha?"

"Kada a sha, Baba."

"Shi ke nan abin da aka gano?"

"Akwai ɗan abin da yake yi a ɓera, amma sai an ƙara bincike mai yawa kafin..."

"Shekara uku," ya ce wa direban, yana nuna ta da hannu. "Shekara uku tana jami'a, ta gano kada a sha." Suka kwashe da dariya su biyu. Amma tana shiga gida ta ji ya ɗaga murya yana kiran mai gyaran rediyo daga tsallaken titi, yana cewa ya zo ya ji, Autarsa ta zama babbar malama.

Umma tana tsakar gida tana tsince shinkafa a tire. Ta matsa mata a tabarma. Auta ta cire takalmi, ta zauna, ta jawo tiren gabanta.